Ruwan Jiya a Cikin Bututu

Madarar kamfaninmu ta fara tsami tun kwanakin da muke rubutawa a jikin kwalba ba su cika ba. Mako guda muke rubutawa, amma a rana ta uku sai ka ga motar rabo ta dawo da akwatuna, kwalaben robar duk sun kumbura, in ka kuskura ka buɗe ɗaya sai ka ja da baya kana toshe hanci. Direban yakan jibge su a ƙofar ɗakina ya juya, ko sannu ba ya ce mini, sai ka ce ni na bi su ɗaya bayan ɗaya na matsa musu lemon tsami.

Ni ce mai gwaji a kamfanin. Ɗakina ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda, da taga ɗaya, da famfo ɗaya, da firiji mai ƙugi, da akwatin ɗumi inda nake renon bakteriya a cikin ƙananan farantai masu murfi. Aikina shi ne in goga auduga a jikin tanki ko bututu, in shafa a faranti, in jira kwana ɗaya in ga abin da zai tsiro. Saboda haka ma'aikata suka sa mini suna Uwar Ƙwari. Da farko nakan ɓata rai, har na taɓa yi wa mai gadi tatas a kan haka, amma daga baya na lura in an kira ina amsawa.

Mai wanke tankuna da bututun kamfanin kuwa kawuna ne, yayan mahaifiyata. Shekararsa ashirin da shida yana wannan aiki. Kowa Sau-Biyu yake ce masa, domin Allah bai halicce shi da yin abu sau ɗaya ba. In ya kulle ƙofa sai ya yi taku goma ya dawo ya girgiza kwaɗon. In ya ɗaure igiyar takalmi sai ya kwance ya sake. A ɗan ɗakin kayan aikinsa burusai ne jere a bango, daga mai tsawon mutum har zuwa mai sirantar yatsa, kowanne da ƙusarsa, kuma in ka ɗauki ɗaya ka mayar a ƙusar ɗan'uwansa, to ranar sai ka ji wa'azi. Shi ya fara kawo ni kamfanin ina 'yar makaranta, ya ɗaga ni na leƙa cikin tanki na ga fuskata a jikin ƙarfen. Ba na jin kunyar faɗa, tun daga lokacin ban taɓa ganin mutumin da ya burge ni wajen aiki kamarsa ba.

Manajanmu sabo ne, bara ya zo. Matashi ne mai saurin tafiya, ba mugu ba ne, sai dai masu kamfani sun hau masa wuya, shi kuma dole ya nemi wuyan da zai hau. Shi ya canja maganin wanki da zuwansa. Da can da ruwan soda mai zafi ake wanke bututu, sai ya kawo haidurojin, wannan ruwan da ake ɗiga wa ciwo ya yi kumfa, amma namu ya fi na kemis ƙarfi. Kawu bai yi gardama ba. Ya sa na karanta masa takardar umarni sau biyu, ya haddace awon, ya ci gaba da aikinsa.

Ranar Talata Manaja ya kira ni ofishinsa. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, balle madara. Ya duba injin dafawa lafiya lau, ya duba ɗakin sanyi lafiya lau, saura bututu, kuma kowa ya san mai wanke bututu. A ganinsa tsoho ya gaji, ya fara yi wa aikin wankan tsuntsu. Ya ba ni zuwa Litinin in kawo masa rahoto, in ta tabbata daga bututun ne, to Kawu zai ajiye burusansa. Da na miƙe zan fita sai ya ƙara da cewa ya san dangantakarmu, kuma in ya ga alamar rufa-rufa zai kai samfurin wani wuri a gwada. Maganar ta ƙona mini rai, amma na haɗiye, na ce to.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Umma zaune a falo ta kashe talabijin, abin da ba ta yi sai magana ta yi nauyi. Ba ta ce in yi ƙarya ba, ita ba ta faɗin irin wannan kai tsaye. Tuna mini ta shiga yi da wanda ya riƙa kai ni asibiti a keke lokacin da mahaifina ya rasu, da wanda ya zauna a ƙofar ɗakin jarrabawata tun safe har azahar. Sannan ta faɗi abin da ke cin ta.

"Korar ba ita ce damuwata ba," in ji ta. "In aka ce an kori Yaya saboda ƙazanta, wallahi ba zai kai baɗi ba."

Na san gaskiya ta faɗa. Mutumin da bai mallaki komai a duniya ba sai sunan tsabta, in ka raba shi da sunan ka gama da shi.

Laraba da sassafe na tsaya a kansa yana wankin safe. Ya auna magani daidai, ya sake aunawa, ya kunna famfo ruwan ya zagaya bututun minti ashirin cif, agogonsa a hannu. Ban ga inda za a ce ya gaza ba. Da ya gama na kwance mahaɗai shida na goga auduga. Yana tsaye yana kallona, hannuwa a baya, ya ce in goga da kyau kada in ji nauyinsa. Na ce ai shi ya koya mini rashin jin nauyin datti, ya yi dariya kaɗan.

Washegari na buɗe akwatin ɗumi. Farantai biyar tas suke. Na shida kuwa, wanda na gogo daga wata gwiwar bututu da ke bayan tankin ƙarshe, ya cika da ɗige-ɗige masu launin ƙasa-ƙasa. Na koma na kwance gwiwar, na zura yatsa, na ji wani ɗan santsi siriri a can ciki inda burushi ba ya kai wa. Nan suka yi gida ke nan. Na kankaro kaɗan a gilashi na ɗiga masa haidurojin, sai ga kumfa ta taso fuu kamar an zuba omo, har tana zubowa ta gefe. Na zauna a kujera, ga dukkan alamu Manaja ya ci gari. Daga bututu ne.

Amma wani abu ya hana ni rubuta rahoton. Da idona na ga magani mai ƙarfi ya bi ta wannan gwiwar minti ashirin. Me ya hana su mutuwa? Na ɗebi waɗanda suka kwana a farantina, 'ya'yan waɗancan na bututun ne, jinsi ɗaya, na zuba musu maganin da na ɗan sassauta don gwaji. Na sake ɗebo sababbi daga gwiwar na yi musu haka. Na farantin nan da nan suka mutu, ba su ko yi wata kumfar kirki ba. Na bututun kuwa suka yi ta tafasa abinsu. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma waɗansu ragwaye, waɗansu ƙarfafa. Kwana ɗaya kacal na jin daɗi a farantina ya sa sun saki jiki.

A nan ne wani darasi da na haddace don jarrabawa, na kuma watsar da shi a ƙofar aji, ya dawo mini. Haidurojin ba wani abu ba ne illa ɗan'uwan iskar oksijin da muke shaƙa, amma wanda ya fusata, duk abin da ya taɓa sai ya ƙona. In ya shiga cikin ƙwayar bakteriya ya haɗu da ɗan ƙarfen da ke jikinta, sai ya rikiɗe ya zama dafin da ya fi shi muni, ya yi ta tsinka zaren gadonta, wato zaren da ke ɗauke da tsarin halittarta. To amma su ba yau suka fara haɗuwa da shi ba. Numfashinsu ma yana haifar da kaɗan daga cikinsa, kuma ko a jikinmu irinsa sojojin jini ke watsa musu. Don haka kowace ƙwaya tana da mai gadi a cikinta, wani ɗan sinadari da ke zaune shiru. Da zarar haidurojin ya shafe shi sai ya canja siffa ya tashi gida duka. Nan take a shiga ƙera katalas, wanda ke farfasa maganin ya mai da shi ruwa da iska, kumfar nan ke nan da muke gani. A tattara ƙarfe a ɓoye, a lulluɓe zaren gado, a fito da masu ɗinkin abin da ya yage. Duk wannan a cikin halittar da dubunta ba su cika tsinin allura ba. Sai dai shirin yana son lokaci. In magani mai ƙarfi ya auko musu ba zato, kafin mai gadi ya gama ihu an gama da su. In kuwa kaɗan ya fara zuwa, wanda bai isa kisa ba, to ka ba su notis.

Na daɗe ina kallon kumfar nan. Ya kamata in ji haushinsu, su ne za su ci wa kawuna mutunci, amma Allah ya sani sai na ji sun burge ni. Ba ido, ba kunne, ba ƙwaƙwalwa, amma sun san rigakafi ya fi magani fiye da yawancin mutanen da na sani. Tambayar da ta rage ita ce, wa ke ba su notis ɗin?

A takarda wanki ɗaya ne a rana, na safe. Ƙarfe biyar ake tashi, a ɗauraye bututu da ruwa zalla, kowa ya kama gabansa. Ni ma kullum biyar da minti biyar ina bakin titi ina jiran mota, shi ya sa ban taɓa sanin abin da ke faruwa bayan haka ba. Ranar Alhamis ɗin sai na ƙi tafiya. Na zauna a ɗakina har hayaniya ta lafa, sannan na zagaya ta bayan tankuna.

Can na hango shi. Ya riga ya sa hannu a littafin tashi, ya ma cire rigar aiki ya sa ta gida, sai takalmin roba da bai cire ba. Yana gangaro da wani shuɗin duro daga bayan ɗakin kayansa, a hankali, yana nishi, don duron ya kusa cika. Ya jona masa tiyo, ya kunna ƙaramin famfo, ruwan ya shige bututu, ya rufe bakin bututun gaba da baya. Ya bi ya sake taɓa kowane marufi.

Na yi sallama, ya juyo ba tare da wata alamar rashin gaskiya ba. Na tambaye shi ruwan mene ne wannan. Ya ce ruwan wankin jiya ne. Maganin da ya gama zagaya bututu ba ya zubar da shi, a duro yake tarawa, in an tashi sai ya mayar da shi ya kwana a ciki. Ya ce shi a duniya ba abin da ya tsana kamar ya bar bututu ya kwana haka nan ba kowa a ciki, ƙwari su yi ta shagali har gari ya waye. Ko ba komai ragowar magani ta fi babu. Tun zamanin soda haka yake yi, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya sani, don ba aikin da za a yi wa shela ba ne. Ya faɗi haka da 'yar kunya irin ta wanda aka kama yana sadaka a ɓoye.

Na leƙa duron. Murfinsa a sake yake, kuma rana tana dukansa ta taga tun hantsi. Soda ko ya kwana goma soda ne. Haidurojin kuwa in ya sha iska da rana, ya gauraya da ragowar madara, sai ya yi ta salancewa har ya kusa zama ruwa. Na tsoma takardar gwaji, da ƙyar ta canja launi. Wato kullum tun daga la'asar har wayewar gari ƙwayoyin da ke cikin gwiwar nan suna jiƙe cikin gargaɗi, suna ta shiri a tsanake. Kafin Kawu ya zo da maganin safe sun gama ɗaura ɗamara suna jiransa.

Na ninke takardar gwajin na sa a aljihu. Na ɗebi ruwan duron a kwalba na ce gwaji zan yi, ya ce in ɗiba da yawa. A mota na yi ta kallon taga ina jin wani irin takaici da ban san wa zan ɗora wa ba. Da ma lalaci ne ya jawo, da sai in ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma mutum ya gama aikin da aka sa shi, ya ƙara awa guda daga lokacinsa, shekara da shekaru, ya gangaro da duro da bayansa mai ciwo, a ce wannan ne laifin.

Juma'a na yi gwajin da zai raba gardama. Na raba ƙwayoyin farantina gida biyu. Kashi na farko na jiƙa su awa ɗaya a ruwan duron Kawu, sannan na zuba musu mai ƙarfi. Kashi na biyu kai tsaye na zuba musu. Na shafa kowanne a farantinsa na sa a akwatin ɗumi. Asabar da hantsi na zo na duba. Na kai tsayen tas, ko ɗigo babu. Wanda ya ɗanɗani ruwan duro kuwa ya cika taf.

Na naɗe farantan biyu da leda na wuce gidan Kawu. Na same shi a tsakar gida yana wanke kekensa, keken da ko ƙura babu a jikinsa. Matarsa ta kawo mini ruwa ta koma ɗaki, da alama ta karanci fuskata. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na jera farantan a kan benci na yi masa bayani tiryan-tiryan, da mai gadin, da katalas, da ɓoyon ƙarfen, da komai. Ina magana ina satar kallonsa, ina jiran ya musa ko ya yi fushi.

Bai yi ko ɗaya ba. Ya goge hannu, ya ɗauki farantin da ya cika ya ɗaga shi sama wajen haske, ya daɗe yana dubawa. Ya tambaye ni ko da gaske wannan ɗan abin yana gane an taɓa shi. Na ce yana ganewa. Ya tambaya ko in an bar shi ya huta sai ya manta. Na ce ba mantawa ba ce, sauke kayan yaƙin yake yi, don riƙe su yana cin ƙarfi, sai ya sake jin alama ya ɗauka. Ya girgiza kai, ya yi tasbihi a hankali. Ya ce shekara ashirin da shida yana faɗa da su, kallon datti kawai yake yi musu, ashe abokan gaba ne masu hankali, har sun fi shi sanin lokacin aiki da lokacin hutu. Ya ce ai wannan ko a kokawa sai ka ba shi hannu. Sai kuma ya ajiye farantin, na ga fuskarsa ta canja.

"Wato ni nake koya musu," in ji shi. "Garin neman gira na rasa ido."

Sai na fito da dabarar da na kwana biyu ina saƙawa. Na ce ba sai kowa ya ji ba. Ya daina zuba ruwan duron daga yau, in sa a canja gwiwar, in rubuta cewa roba ce ta mahaɗi ta tsufa take tara datti. Ba ma ƙarya ce tsagwaronta ba, robar ta ɗan ci. Madara za ta daina tsami, Manaja zai samu abin kai wa masu kamfani, sunansa kuma ya tsira. Na ƙara da cewa Umma ma abin da take so ke nan, duk da ba ta faɗa ba.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya san don shi na yi. Sannan ya tambaye ni ko na san mutum nawa ya koya wa wankin bututu tun da ya fara. Na ce ban sani ba. Ya ce bakwai, kuma huɗu daga cikinsu har yanzu suna wannan aikin a wasu kamfanonin madara, su ma ya ji duk an koma haidurojin.

"Kowannensu yana da duro," in ji shi. "Ni na ce musu duk mai wankin da ya bar bututu ya kwana ba magani, ba ɗana ba ne. In kika rubuta roba, wa zai gaya musu? Madarar nan yara ake ba wa."

Na ce ai zai iya gaya musu a asirce. Ya ce mutumin da ya ɓoye kuskurensa a gidansa, da wane baki zai je gidan wani ya ce a gyara. Na ji kunya ta kama ni tun daga kai har ƙafa. Ni da na yi karatun, ni da aka ba amanar gwajin, ni ce na zo da leda ina neman hanyar kwana, shi kuma da ko takardar umarni sai an karanta masa, bai ko tsaya auna abin ba.

Litinin tare muka shiga ofishin Manaja. Kawu ya hana ni buɗe baki, shi ya yi bayanin da kansa, a tsaye, hularsa a hannu. Har katalas ɗin ya faɗa, daidai kuwa. Manaja ya dubi farantan, ya dube shi, ya tambaya tun yaushe yake wannan ƙarin aikin bayan tashi. Da ya ji amsar sai ya yi ta juya biro. Na so ya ce shi ma da nasa, tunda ya canja magani bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake wanki ba, amma bai faɗa ba, ni kuma Kawu ya riga ya harare ni.

Bai kore shi ba. Sai dai ya ce doka doka ce, an yi abin da ba ya cikin takarda kuma an yi ɓarna, dole ya ba shi takardar gargaɗi. Ita ce ta farko a shekara ashirin da shida. Kawu ya dangwala hannu, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, kuma na ga yadda ta yi masa ciwo, don sau uku yana neman bakin aljihun. Duk da haka shi ya roƙa a liƙa sanarwa a allo a faɗi dalilin tsamin yadda yake, kada gobe wani ya ga duro ya ce zai taimaka. Aka liƙa. Kwana biyu ma'aikata na tsokanarsa da malamin ƙwari, yana yi musu murmushin da bai kai ido ba. Umma kuwa kwana huɗu ba ta amsa gaisuwata sai da ka.

An canja gwiwar, an zubar da duron, madara ta koma cika makonta. Direba ya dawo yana ce mini sannu.

Asabar ta gaba Kawu ya aiko a ce in shirya in zo da farantan nan, sababbi, don ya ce baki ba ya gamsar da mai wanki sai ido. Muka shiga mota biyu kafin mu kai kamfanin farko, can ƙarshen gari bayan wata gada. Mutumin da muka je gani shi ne shugaban masu wanki a wurin, gemunsa ma ya fara fari. Da ya hango Kawu sai ya yar da tiyon hannunsa ya taho da sauri, ya durƙusa har ƙasa yana ta maigida sannu da zuwa. Ya ƙi barin mu mu yi magana sai ya fara zagayawa da mu. Ya nuna mana tankunansa suna ƙyalli, ya nuna burusansa a bango kowanne da ƙusarsa. Daga ƙarshe ya ja hannun Kawu zuwa wani lungu bayan ɗakin kaya, yana murmushi kamar yaron da ya ci jarrabawa, ya buga tafin hannunsa a kan wani duro cike da ruwa. Ya ce shekara goma sha tara ke nan, ko rana ɗaya bai taɓa fashi ba, ko ranar da aka yi wa matarsa aiki sai da ya zo ya zuba kafin ya wuce asibiti. Ya ce duk wanda ya yaba tsabtarsa, sunan Kawu yake ambata masa.

Kawu ya tsaya yana kallon duron. Ina bayansa, riƙe da ledar farantan. Na ɗauka zai ce mu dawo wani lokaci, kuma da ya ce haka da ban ga laifinsa ba.

"Samo benci ka zauna," in ji shi. "Akwai abin da na koya maka ba daidai ba. Na zo in gyara tun ina da rai."

Mutumin ya dube shi, ya dube ni, murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Kawu ya miƙo mini hannu ta baya ba tare da ya waiwayo ba, na kwance ledar na sa masa farantan.